Gayyar Jikoki a Tsohuwar Maƙabarta

A shekarun farko bayan ƙasarmu ta karɓi mulkin kanta aka tura ni wani ƙauye da ke gindin dutse, tsakanin Karu da Kurudu, domin in riƙe makarantar firamare mai aji biyu. Ban daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, kuma a duk wannan yanki ni kaɗai nake da takardar shaidar koyarwa, abin da ban ɓoye ba a lokacin, ban kuma ga dalilin ɓoye shi yanzu ba. Wanda ya san wurin a yau da wuya ya yarda cewa a wancan zamani in hantsi ya yi ba ka jin komai sai kukan kurciya da amon turmi. Babu wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa za a gina babban birnin ƙasa a bayan waɗannan duwatsu. Doya muke ci, Masaka muke cin kasuwa, wanda kuwa ya je Keffi ya dawo, sai an taru a ƙofar gidansa an ji labarin birni.

Mutanen ƙauyen Gbagyi ne, ko da yake a lokacin Gwari muke ce musu. Mai gari ya sauke ni a gidan wata tsohuwa mai ginin tukwane, wadda nake kira Inna. Ita kuma Malamin Boko take kirana, in kuwa na ɓata mata rai sai ta yanke ta ce Boko kawai. Gajeriya ce, kafaɗarta ta dama ta ɗan sauka saboda shekarun da ta yi tana ɗaukar yumɓu da itace a kanta, harshenta kuma yana da kaifin da ko mai gari ba ya son gamuwa da shi.

Zuriyar Inna abin kallo ce. Ɗanta na fari shi ne limamin ƙauyen. Ya yi karatu a hannun wani malami a Keffi, ya dawo da rawani da wata irin natsuwa da ta sa ko dariya sai ya rufe baki yake yi. Ƙanenta, wani dogon dattijo mai nauyin kunne, shi ke riƙe da al'adun gargajiya, kuma ba a fara cin sabuwar doya sai ya ba da izini. Ɗan wannan dattijo shi ne malamin cocin ƙauyen, mutum mai fara'a wanda ake jin dariyarsa daga rafi. Ke nan liman da malamin coci taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji. Ita Inna tana kan hanyar iyayenta, amma ba ta taɓa barin naman Salla ko shinkafar Kirsimeti ya wuce ta ba. A duk zamana a garin ban ji an yi gardamar addini a gidan ba. Kowa yana yi wa ɗan'uwansa kara, yana kauce wa duk abin da zai sa shi jin nauyi, kuma wannan kyakkyawar ɗabi'a ce ta kusa jawo musu asarar da zan ba da labarinta.

Yamma da gari, inda dutse ya fara tashi, akwai wani kurmi da ba a shiga. Gamba ta fi mutum tsawo, sarƙaƙiya ta rufe kowace kafa, karara mai ƙaiƙayi ta naɗe itatuwa. Na ɗauka wurin tsafi ne, kamar yadda kowane baƙo zai ɗauka. Sai daga baya na san cewa tsohuwar maƙabartar garin ce, tun zamanin da mutane ke zaune a kan dutse saboda tsoron hari. Da aka sami zaman lafiya suka sauko, sannan addinai suka shigo, sai Musulmi suka yanki tasu maƙabartar a gabas, Kirista suka fara binne nasu a bayan coci, masu gargajiya kuma a cikin gida. Tsohuwar ta zauna babu mai leƙa ta.

Da kakar wata shekara wani ɗan kwangila ya sami aikin gyara hanyar da ta haɗa mu da babban titi. Shi kansa ba mu taɓa ganinsa ba. Helmansa muka sani, wato shugaban leburori, wani kakkauran mutum mai malafa da usur a wuya. Aikin yana buƙatar marmara, jar tsakuwar nan da ake shimfiɗa wa hanya, kuma helma ya gano cewa mai kyau tana gefen kurmin nan. Ya sa aka kafa turaku, aka ɗaura musu jan ƙyalle.

Inna ce ta fara ganinsu, tana dawowa daga ɗibar yumɓu. Ina zaune a ƙofar ɗakina da la'asar ina duba aikin 'yan makaranta, ta sauke kayanta ta tsaya a kaina.

"Boko," in ji ta, "kai ne mai jin maganar masu gajeren wando. Tashi ka je ka tambaye su abin da uwata ta yi musu."

Na ce, "Inna, wace uwa kuma?"

"Uwa nawa gare ni? Tana can kwance inda suka kafa tsummansu. Ni ma can zan kwanta kusa da ita, na faɗa wa mai masallaci tun tuni, ya kuma amsa." Mai masallaci take kiran liman, domin ba ta kama sunan ɗan fari. "In suka kwashe ta suka zuba a hanya, motar Keffi ce za ta riƙa bi ta kanta. Ni kuma a ina za a sa ni?"

Washegari na sa fararen kayana da doguwar safa, na hau keke na sami helma a bakin rafi. Ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni buhun siminti na zauna, ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Malam, ni ban zo cin zalin kowa ba. Kafin in kafa turke sai da na tambaya. Duk wanda na tambaya sai ya ce ba huruminsa ba ne. To, wurin da ba hurumin kowa ba ai na oga ne. In maƙabarta ce, a nuna mini kabari in gani da idona, in je in faɗa masa. Ni ma ina da matattu a garinmu. Amma ba zan ce masa na bar marmara mai kyau saboda ciyawa ba. Yanzu muna kan kwalbatin nan. Ranar da muka gama shi, diga za ta shiga can."

Maganarsa gaskiya ce, kuma maganin abin a fili yake: a sare kurmin, kaburbura su bayyana. Na ɗauka aikin yini ɗaya ne, na kuma ɗauka abin da ya rage kawai in sanar da wanda ya dace. Na fara da liman.

Ya saurare ni yana jan carbi, fuskarsa cike da damuwa. Ya ce, "Malam, wallahi tun jiya ban sami sukuni ba. Amma waɗanda ke kwance a can sun rasu a kan tsohuwar hanya, kuma Kawu ne ke riƙe da sha'aninsu. In na shiga da adda, ni da rawanina, zai ga kamar na zo rushe abin da yake girmamawa. Je ka same shi. Duk abin da ya ce, ina bayansa."

Na tafi wurin malamin coci, wanda na samu yana gyaran jinkar ɗakin ibadarsu. Ya sauko yana kakkaɓe hannu, ya ce, "Ni? In shiga gaban Baba? Tun da na karɓi wannan aiki bai taɓa faɗa mini magana marar daɗi ba. Ranar da na ɗaga adda a wurin nan, mutane za su ce ɗan mishan ya fara da kakanninsa. Kuma ka san akwai Musulmi a ciki, fatake da suka rasu a hanya. Wannan maganar taubashina ce."

Dattijon kuwa sai da na ɗaga murya kafin ya gane abin da ya kawo ni. Da ya gane, sai ya ce ƙarfinsa ya ƙare, masu bin hanyarsa kuma duk tsofaffi ne irinsa. Samari suna wurin yaran nan biyu. Shi kuwa ba zai buɗe baki ya roƙe su su taɓa abin da wataƙila addininsu ya hana su ba, domin in suka ƙi ya ji kunya, in suka yarda don dole ya cuce su. Da a ce ɗaya daga cikinsu ya zo da kansa, da ya yi murna.

Har rugar Fulanin da ke bayan rafi na je. Arɗonsu, siririn mutum mai yawan murmushi, ya ba ni nono na sha, ya ce kakansa ma a can yake, domin a mashekarinsu na farko ya rasu, mutanen gari kuma suka ba su wuri. Shekara da shekaru yana hana yaransa kai shanu kusa, don ya ɗauka wurin ya zama na tsafin masu gari, bai kuma ga ya dace baƙo ya tambaya ba.

Na komo gida ina tura keke, ina mamaki. Mutum huɗu, kowannensu yana son wurin, kowannensu yana da nasa a ciki, kuma kowannensu ya ja da baya don kada ya taka ɗan'uwansa. Ladabi ne ya mayar da maƙabartar daji. Na shawarci mai gari ya tara su wuri ɗaya, ina ganin in suka ji juna abin zai warware.

Aka taru da hantsi a gindin ɗorawar ƙofar mai gari. Abin da ya faru kuwa ya fi na baya ban haushi. Liman ya ce Kawu ya fara magana. Dattijo ya ce malamai su fara. Malamin coci ya ce ai liman ya girme shi. Arɗo ya ce shi baƙo ne. Na miƙe na yi musu jawabi mai tsari a kan muhimmancin tarihi, irin wanda aka koya mana a kwaleji, kowa ya gyaɗa kai ya yaba, babu kuma wanda ya ce zai ɗauki adda. Daga inda muke muna jin ƙarar shebur a bakin rafi.

Mata ba sa zama a irin wannan taro, amma Inna ta sami dalilin kawo tulun ruwa, ta kuma sami dalilin tsayawa tana gyara masa zama. Ba ta dubi kowa ba. Da tulun take magana.

"Allah sarki uwata," in ji ta. "Ta yi miji, ba ta yi sa'a ba. Ta goya shi, ta tauna masa gyaɗa, ta ɓoye masa ƙafar kaza a cikin zane. Kullum yana gindinta yana cewa matata, matata, in na girma zan gina miki ɗaki mai ƙofar kwano. Yau ga ɗakinta ya zama gidan macizai, miji yana zaune a inuwa da ƙaton rawani."

Kowa ya san da wa take. A wannan ƙasa, kamar a ƙasarmu ta Hausa, jika namiji mijin kakarsa ne a wasa, jika mace kuma matar kakanta, kuma tsakaninsu babu kunya babu nauyi. Jika yana shiga ɗakin kaka ba sallama, ya buɗe tukunya, ya yi mata tsiya, ita ma ta rama. Liman ya sunkuyar da kai, kunnuwansa na motsi. Sai malamin coci ya fashe da dariya.

"Gwaggo, ai kin faɗi gaskiya," in ji shi. "Dama ni ne mijin kirki. Wannan tun yana yaro rowa gare shi. Ko ƙwai ya tsinta sai ya ɓoye mata."

Liman ya ɗago. "Kai? Kai da ta ce ba za ta aure ka ba saboda majina?"

"Daga baya ta canja magana!"

"Ba ta canja ba. Ina wurin. Ta ce in ka ƙara zuwa ƙofarta za ta haɗa ka da kare."

Ban taɓa ganin liman a wannan hali ba. Ya manta da rufe baki, yana dariya har rawaninsa ya karkace. Da ya natsa sai ya gyara zama, ya juya wajen dattijo, ya ɗaga murya yadda zai ji.

"Kawu, gobe da safe zan je in ga matata. Ba wurinka zan shiga ba, ɗakinta zan share. Akwai wanda ke neman izini kafin ya shiga ɗakin kakarsa?"

Dattijo ya ce, "Babu."

"Ni ma zan je," in ji malamin coci, "kada ya je ya ɓata ni a wurinta."

Arɗo ya yi gyaran murya ya ce shi ma yana da wani tsohon abokin faɗa a can, wanda ya mutu bai ba shi karsanar da ya yi masa alkawari ba, kuma lokaci ya yi da zai je ya tuna masa. Mai gari ya yanke magana: gobe gayya, amma ta jikoki. Duk wanda ke da kaka a wurin ya shiga, ko wane addini yake bi. 'Ya'yan mamatan kuwa, da yake tsakaninsu da iyaye akwai kunya, su tsaya a bakin kurmi su nuna hanya. Da aka lissafa sai aka ga babu wani baligi a garin da ba jikan wani ba ne a can.

Gari na wayewa aka buga gangar gayya. Dattijo ya riga kowa zuwa, ya yi abin da zai yi a gindin wani dutse, mu kuma muka tsaya nesa muna duban wani wajen har ya gama. Liman ya yi bisimilla, malamin coci ya yi tasa addu'ar, sannan aka shiga. Na halarci gayya da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Mutane suna sara suna yi wa matattu tsiya. Wani ya ce, "Tsoho, tashi ka karɓi fartanya, ragwancin ya isa!" Wata mata tana jan ƙaya tana cewa, "Mijin banza, ko tsintsiya ba ka saya mini ba, ga shi ni ce nake share maka." Samarin Fulani suna yi da Fillanci, ba mu ji, amma dariyarsu ta isa fassara. Da rina suka tashi daga wani kututture suka bi liman, ya ruga da gudu yana kaɗa babbar riga, sai taubashinsa ya bi shi da kira, "Tsaya mana, gaisuwa ce matarka ta aiko maka!"

Ni ba ni da kaka a wurin, don haka na tsaya a gefe tare da tsofaffi. Inna ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai kuma wa kake gadi? Ga fatake can a gefen gabas, ba su da kowa. Baƙi ne, kai ma baƙo ne. Je ka zama jikansu." Na tuɓe safa na karɓi adda. Ban iya yi musu tsiya da ƙarfi ba, domin tarbiyyata ba ta ba ni ba, amma na faɗa wa ɗaya daga cikinsu a hankali cewa da ya zauna a gida da bai ba ni wannan wahala ba.

Kafin rana ta take, gefen gabas ya buɗe. Kaburbura suka fito fili, wasu zagaye da duwatsu da tukunya a kife a tsakiya, wasu kuma dogaye masu fuskantar alƙibla. Mutane suna gane nasu suna kiran juna. Mata suka kawo kunu da dafaffiyar doya, matan Fulani suka kawo fura da nono. Sai dai Inna ba ta ci komai ba, domin uwarta tana yamma, kuma yamma har yanzu daji ce.

Muna cikin haka muka ji ƙugin mota. Ashe an gama kwalbati tun da safe. Tifa ta tsaya, leburori suka diro da diga da kwanon sarki, helma ya zo ya zaga gefen da aka share. Ya cire malafarsa, ya daɗe yana kallo.

"Malam, gaskiyarku," in ji shi. "Wannan maƙabarta ce, ba mai taɓa ta. Amma turakuna suna yamma, kuma can ban ga komai ba. Ku riƙe gabas, ni in haƙa yamma, kowa ya samu."

Na fassara wa Inna abin da ba ya buƙatar fassara, domin ta ji. Ta taho har gabansa, kanta bai kai ƙirjinsa ba.

"Ɗan nan, uwata tana yamma."

"Iya, a ina?"

"A gindin kaɗanya."

Muka duba. Kaɗanya ta fi goma a wurin, yawancinsu sun girma ne bayan rasuwar. Helma ya sosa ƙeya, ya dubi motar da ke jira, ya dubi tsohuwa. Ya ce direba zai koma kafin la'asar, kuma ba zai koma da mota wayam ba tare da dalili ba. Sannan ya busa usur, ya ce wa leburorinsa su ajiye diga su ari adduna. "In dai za mu jira, gara mu jira muna aiki."

Aka koma yamma gaba ɗaya, jikoki da leburori. Nan ƙaya ta fi yawa, ƙasa kuma ja ce mai tauri. Wasa ya ragu. Inna tana bakin kurmi tare da ƙanenta, tana nuni da sanda, tana cewa a matsa sama, a'a a dawo ƙasa, shi kuma dattijo yana musa mata, domin a ganinsa kabarin ya fi kusa da dutse. An sare wuri mai faɗi ba a ga ko tsingaro ba. Na ga helma ya ɗaga kai ya dubi rana, na ga liman ya ga haka shi ma. Ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe, ya kutsa cikin wata sarƙaƙiya da kowa ke kewayewa, taubashinsa na biye da shi yana janye abin da ya sare.

Can sai muka ji adda ta bugi wani abu mai amo. Suka durƙusa su biyu suna share ganye da hannu. Duwatsu ne a zagaye, da tukunya a kife, gefenta ɗaya ya fashe. Amma kaburbura irin wannan suna da yawa, babu abin da ya nuna na wane ne. Malamin coci ya kwanta ya leƙa ta wurin fashewar, ya daɗe, sannan ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Zo ka gani." Liman ya leƙa. A ƙarƙashin tukunyar akwai ɗan lofen yumɓu na shan taba, bakinsa a gutsure.

Liman ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Ni na gutsure shi. Na sace zan gwada, ya faɗi a kan dutse. Ta bi ni da muciya har rafi." Ya share fuska da hannun riga, ya juya ga kabarin ya ce, "To, ke tsohuwa, ga ni na zo. Har yanzu ba ki daina shan tabar nan ba?"

Dariyar da aka yi ta kai har cikin gari, kuma da yawa daga masu yinta hawaye na zuba musu. Da aka ƙara sharewa sai ga wasu kaburburan a jere, har zuwa gindin turakun. Helma bai jira an ce masa komai ba. Ya bi turakun ɗaya bayan ɗaya yana tugewa, ya kwance jan ƙyallen ya cusa a aljihu. Abin da ya rage masa shi ne inda zai sami marmara, sai arɗo ya ce ya san wani faƙo a hanyar mashaya, wanda ko ciyawa ba ta fita a kansa, ya kuma shiga gaban mota ya kai su. Wannan ne karo na farko da ya hau mota, kuma an ce bai saki sandarsa ba har suka isa. Kafin a watse mai gari ya sa aka yi alkawarin kewaye wurin da cini-da-zugu, wanda shanu ba sa ci, da kuma maimaita gayyar duk kaka. Muddin ina garin ba a fasa ba.

Sai da aka gama shara tas, aka kwashe ƙaya aka tara a gefe, sannan 'ya'yan mamatan suka shiga. Inna ta tafi a hankali, mu kuma muka ja baya muka ba ta wuri. Ta tsuguna a gefen uwarta, ta gyara zaman duwatsun da suka goce, ta shafa tukunyar, ta ce gobe za ta fara gina wata. Muna tsammanin za ta tashi ke nan, sai muka ga ta ajiye sanda, ta gyara ɗaurin zane, ta miƙe a ƙasa daga hannun hagu na kabarin, ta rufe ido.

Liman ya firgita. "Inna, lafiya?"

"Awo nake yi," in ji ta. Ta ɗan juya, ta yamutsa fuska, ta laluba ƙarƙashin bayanta. "Wurin ya ishe ni. Amma akwai wata saiwa a nan tana tokare mini ƙugu. Mai masallaci, a cire ta tun yanzu. Ba zan kwanta a kan wannan ba."

Aka ɗaga ta tana kakkaɓe zane tana mita. Liman ya karɓi gatari daga hannun wani saurayi, malamin coci ya ɗauki wata diga da leburori suka manta, suka haƙa suka bi saiwar har inda ta fito, suka datse ta. Inna ta tsaya a kansu har suka mayar da ƙasa, ta taka wurin da ƙafa, ta ce yanzu ya yi. Ta ƙara shekaru masu dama a duniya bayan wannan rana, tana gina tukwane tana faɗa da kowa, kuma da lokacinta ya zo, a nan aka sa ta.